Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Gasar Rubutun Tarihin Ƙasar Kano

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan uwa mambobi.

Gasar rubutun tarihi ta ɗaliban sakandare ita ta fi cin lokacinmu da kuɗinmu bana, don haka a kanta zan daɗe. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta muku.

Sharaɗi ɗaya muka ƙara a wannan karon: kowa ya rubuta a kan garinsu ko unguwarsu, ya kuma faɗi wanda ya tambaya. Bara mun sha karanta abu ɗaya har muka haddace: Bagauda a 999, Gijimasu ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Haka yake a Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908, ba mu musa ba, amma yaro daga kan wayarsa ya kwaso, ko ƙofar gida bai leƙa ba. Bana ma ba a rasa irinsu ba. Akwai takardu biyu daga makaranta ɗaya da har kuskuren rubutunsu iri ɗaya ne. Mun ajiye su gefe, mun yi magana da malaminsu a asirce.

Wata yarinya daga Kura ce ta zo ta ɗaya. Ta rubuta a kan rini da bugu. Wajen wani tsohon marini ta riƙa zuwa bayan la'asar, ya nuna mata yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini, a bar su kwanaki har su nuna, da yadda 'yan bugu ke zuba wa turkuɗi shuni su yi ta dukansa sai ya ɗau ƙyalli. Ta bi rawanin nan ɗan Kura har hannun Buzayen Agadas da ke sayensa. Da ta tambayi dattijon abin da ya kashe yawancin karofin garin, bai ɓoye mata ba: atamfar kanti da rinin bature, sannan 'ya'yansa da suka ƙi gado. A shafinta na uku akwai tabon shuni, sawun babban yatsa. Ɗaya daga cikin alƙalanmu ya ce wannan tabon ma ya cancanci maki.

Na biyu ya ɗauko Basasar Kano, wadda ta ɓarke a 1893 da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur Sarkin Kano, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da ke neman sarautar, suka fice zuwa Takai, Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci. Wannan kowa ya sani. Abin da yaron ya ƙara shi ne labarin da kakarsa ta ji daga tata kakar, na yadda mutanen ƙauyensu suka riƙa binne hatsi suna kwana a daji, don ba su san wace runduna za ta biyo ta kansu ba. A nan alƙalai suka yi gardama mai zafi. Wasu sun ce zancen tsohuwa ba hujja ba ne tunda babu shekara babu takarda. Ni dai ina tare da waɗanda suka ba shi maki, domin ya rarrabe a fili abin da ya karanta da abin da aka gaya masa.

Na uku ya kawo wasiƙar ajami daga adakar kakansa, gara ta ci kusan rabinta. Mun ɗauki hotonta, mun mayar wa iyalin abinsu. Duka ukun sun samu littattafai da kuɗin rajistar jarrabawar fita.

Mun kai su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, mun hau Dala. Tafiyar Arewa House a Kaduna ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota, kuma gaskiya ɗaya ce, da yawanmu ba mu biya kuɗin wata ba.

Makarantun ƙauye sun yi mana ƙaranci, laifinmu ne, a cikin birni muka tsaya da rabon takardu. Baɗi kwamiti ya ba da shawarar a rubuta a kan zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya. Muna neman mambobin da za su ɗauki takardun gayyata zuwa Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi. Mai niyya ya ba ni sunansa kafin a tashi taro.

Wassalam.
Sakatare