A buɗe karatun wasan kwaikwayo da rawa a Maraɗi, amma a fara da daɓe da makaɗa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi magana da hukumomin ilimi mai zurfi, da iyayen yara, da ɗaliban da suka samu bak, wato shaidar kammala sakandare, suna neman inda za su dosa. Maganar ita ce karatun lisans, wato digirin farko na jami'a, a fannin wasan kwaikwayo da rawa. A ganinmu Maraɗi ta cancanci sashen wannan karatu. Amma in za a buɗe shi ne don a tara yara a aji ana yi musu shifta kan tarihin wasan Girkawa, shekara uku ba su yi gumi ba, to gara a bari.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wadda aka kafa a 2010, ƙarfinta yana wajen kimiyya da aikin gona da kiwon lafiya. Yaron da ke son wannan fanni sai ya nufi Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, inda ake koyar da fasaha da al'adu, ko ya tsallaka iyaka zuwa Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da wasan kwaikwayo tun tsakiyar shekarun 1970, ko Jami'ar Bayero a Kano. Ba kowane uba ne ke da halin wannan ba. Alhali ƙasar nan ta san wasan Hausa sani na haƙiƙa: a zamanin Seyni Kunce ƙungiyoyin samariya sun riƙa fafatawa a bikin matasa na ƙasa, kuma ƴan wasa irin su Yazi Dogo sun sa mutane barin abin da suke yi don su saurari rediyo ko su zauna gaban talabijin. Duk wannan gwaninta a cikin ƙungiya aka koye ta, baki da baki, kuma tana tafiya ne tare da masu ita. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba mu ga inda ya fi dacewa a yi wannan karatu da Hausa ba irin garin Katsinawa da maƙwabtansu Gobirawan Tsibiri.

Tsarin jami'o'inmu ya riga ya yanka ma'auni: lisans shekara 3, zango 6, kiredi (ma'aunin nauyin darussa) 30 a kowane zango, jimilla 180. Shawararmu ita ce aƙalla 90 daga cikinsu su zama aikin jiki da murya da dandamali, kuma a ba da makinsu a kan abin da ɗalibi ya yi a gaban malamai, ba abin da ya rubuta a takarda ba. Sauran su tafi ga adabin baka, tarihin wasanni na gida da na waje, rubuta wasa, Faransanci da Ingilishi, da sarrafa kuɗin ƙungiya. Shiga kuwa kada ta tsaya ga sakamakon bak. A yi gwajin kwana biyu: mai nema ya faɗi abin da ya haddace na minti biyu, a ba shi wani yanayi ya ƙaga magana nan take da abokin wasa, sannan makaɗi ya canza masa kiɗa sau uku a ga ko ƙafarsa na jin canjin. Abin dubawa shi ne kunne da karɓar gyara, ba kyan fuska ba. Aji kada ya wuce mutum 20. In ya kai 40, malami ba ya ganin gwiwar kowa, kuma a gwiwa ɓarna ke farawa.

Wannan ya kawo mu ga daɓe, abin da ake mantawa da shi a yawancin gine-ginen al'adu. Siminti da tayil ba sa lanƙwasa ko kaɗan, don haka duk dirar da mai rawa ya yi, nauyin yana komawa ne ga agara da ƙwauri da gwiwa da ƙugu. Rawarmu kuma rawar dukan ƙasa ce da tafin sawu. Wanda ke yin sa'a biyu kullum a kan siminti, cikin ƴan watanni zai fara jin ciwon ƙwauri, in ya daure ya ci gaba abin kan kai ga ƴar tsagewar ƙashi da ba ta warkewa sai an huta makonni. Hanya biyu ce mafita. Ta farko daɓen katako mai ɗan bayarwa: a shimfiɗa leda mai kauri a kan simintin saboda danshin damina, a jera guntayen roba tazarar kamar santimita 40 tsakaninsu, a ɗora sandunan katako a kansu, sannan filawud hawa biyu, kowane kaurin milimita 12 zuwa 15, a gitta na sama a kan na ƙasa yadda mahaɗarsu ba za ta faɗa wuri ɗaya ba. A bar tazarar santimita ɗaya zuwa biyu tsakanin katako da bango, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Kafintan da ya matse shi da bango zai tarar ya yi tozo a watan Agusta. A yi wa katakon maganin gara tun kafin a shimfiɗa, kuma a nutsar da kan kowace ƙusa, don ƴan rawa ba takalmi suke sawa ba.

Hanya ta biyu ta fi araha kuma ba ƙasƙanci ba ce: rairayi tankaɗaɗɗe, kaurin kamar santimita 10, a ƙarƙashin rumfa mai tsawo, ana yayyafa masa ruwa kafin darasi don ƙura ta kwanta, ana bin sa da manjagara a tsince tsakuwa da ƙaya. Makarantar rawa ta Germaine Acogny a Tubab Jalaw ta ƙasar Senegal, wadda ƴan rawa ke zuwa daga ko'ina a duniya, ɗaya daga filayenta na rairayi ne. Illarsa ita ce juyi mai sauri yana da wuya a kansa, kuma yana gajiyar da idon sawu, don haka sabon shiga ya fara da ɗan lokaci. Ko wanne aka zaɓa, fili ya kai mita 12 a kan 10, rufin ya kai mita 4, iska na ratsawa ta ɓangare biyu.

Lokacin darasi ma sai an bi yanayin garin. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, saboda haka aikin jiki ya kasance daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe, karatun zaune ya biyo baya, bitar wasa kuma bayan la'asar. A ajiye randa a bakin fili, a tsaya shan ruwa kowane minti 20. Da azumi a sassauta tsalle, a mai da hankali ga haddar magana da aikin hannu. Kowane darasi ya fara da ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20: tafiya, sassarfa, juya gaɓoɓi daga idon sawu zuwa wuya. Miƙa mai tsawo, wadda ake riƙewa ana ƙirgawa, ta dawo ƙarshen darasi lokacin da jiki ya yi zafi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zauna wata biyu ba a motsa ba, sai biki ya matso a yi sa'a shida kullum na mako guda. A nan targaɗe ke samun ƙofa.

Sai makaɗa, kuma a nan muke so hukuma ta buɗe kunne da kyau. Ba a koyon rawar Hausa da kiɗan waya. Mai kalangu yana kallon ƙafar mai rawa, ya ja tsarkiya ya yi masa magana, ya kira takensa, ya ƙara wuta ko ya sassauta gwargwadon numfashinsa. Mai rawa kuma ya amsa. Wannan amsa-kuwwa ita ce darasin. Ɗalibin da ya saba da kiɗan da aka naɗa yana ƙirga taku ne kawai, ranar da ya haɗu da makaɗi na gaske sai ya rikice. Don haka sashe yana buƙatar aƙalla makaɗa biyu na dindindin, mai kalangu da mai ganga, da wasu da za a riƙa gayyatowa daga fada da ƙauyuka: masu kiɗan noma, masu kiɗan ƴan tauri, masu kiɗan kokowa, da mata masu ƙwarya da shantu da waƙoƙin gaɗa. Galibinsu gadon abin suka yi, ba su da takardar makaranta, kuma tsarin ɗaukar malamai takarda yake tambaya. In ba a yi musu matsayi na musamman da biyan sa'a kamar kowane malamin haya ba, za a riƙa sallamarsu da kuɗin goro, su kuma su daina zuwa, kuma da gaskiyarsu. Kowane ɗalibi ya koyi riƙe kiɗa ɗaya da hannunsa tsawon zango biyu, ko da ba zai zama makaɗi ba.

Akwai wata cuta da gasar bukukuwa ta bar mana: a ɗauko rawar da ake yi a da'ira, jama'a kewaye, ana shiga ana fita har tsawon dare, a jera ta layi-layi tana fuskantar manyan baƙi, a ninka saurinta don ta ƙare cikin minti biyar. Ba laifi ba ne a tsara rawa don dandamali, sana'a ce mai zaman kanta da ake koya a shekara ta biyu. Amma sai ɗalibi ya fara sanin asalin. Shi ya sa muke son kowane ɗan shekarar farko ya je ya ɗauko rawa guda a inda ake yin ta, da izinin masu ita, da kyamara biyu, ɗaya ta kama jiki duka, ɗaya ƙafafu kaɗai, ya rubuta gari da lokaci da dalilin taron da kalmomin taken.

Murya ba ta buƙatar kayan tsada, sai naci. Minti 20 kullum: numfashi daga ciki ba daga kafaɗa ba, gunji a hankali baki rufe, sannan karatu ana ƙara tazara har mutumin da ke mita 20 ya ji kowane harafi ba tare da an yi ihu ba. Ihu daga maƙogwaro yana gurje tantanin murya, ƙurar hunturu ta ƙara bushe shi. Wanda muryarsa ta dushe fiye da mako biyu ya ga likita, kada ya tsaya ga citta da zuma. A hana makirfo a shekarar farko. A kuma kula da karin sauti da jan wasali, domin ɗan wasa in ya shiga fushi a dandamali yakan daddatse su, sai zancen ya ɓace wa na baya.

Ƙarfin wasanmu na gargajiya shi ne ƙaga magana nan take: a zauna a tsara labari fitowa-fitowa, kowa ya san matsayinsa, kalmomi su zo a fili. Kada jami'a ta kashe wannan da tilasta hadda. Abin da za ta ƙara shi ne horo, don raunin salon sananne ne: fitowar da ta kamata ta ɗau minti huɗu ta kai goma sha biyar saboda an samu dariya, mutum uku na magana lokaci guda, wani ya juya wa ƴan kallo baya. Maganinsa, kafin a shiga kowace fitowa a rubuta layi uku: me wannan mutum yake so, wa ya tare masa hanya, me ya canza kafin ya fita. In ya canza, a rufe fitowar. Ƙa'idar da masu shirya wasa ke bi ita ce kusan sa'a ɗaya ta bita ga kowane minti na wasa, wato wasan sa'a guda yana cin sa'a 60, kamar mako biyar in ana yin sa'a biyu kullum ban da rana ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe kundin wasa, yana rubuta wa ya shigo ta ina, yaushe fitila ke canzawa, wane kaya ke hannun wa.

Haske a taƙaice: tsohuwar fitilar wat 1000 tana jan ampiya huɗu da rabi a wutar bolt 220, uku kaɗai layin ampiya 16 ke ɗauka, ta huɗu wuta ta katse. Fitilun LED sun fi dacewa da mu, ƙaramin injin wuta ma yana riƙe su. A haska fuska daga sama ta gefe biyu, a karkace kamar digiri 45, da launi mai ɗumi. Shuɗi ko kore shi kaɗai yana mai da baƙar fata toka-toka.

A shekara ta uku ɗalibai su fita ƙauye, irin aikin da jami'ar Zariya ta yi suna da shi. Su zauna aƙalla mako biyu, su gaida mai gari da liman, su saurari mata daban da maza, su gina wasan tare da mutanen garin, a yi shi a dandali, a tsaya a tattauna, sannan a komo bayan wata biyu ko uku a ga abin da ya biyo baya. Inda aikin ke lalacewa shi ne a taho da saƙo a rubuce daga ofishin wata ƙungiya mai ba da kuɗi, a yi wa manoma wa'azi kan abin da suka fi ka sani, a shiga mota kafin magariba.

Mun san iyaye da malamai na da damuwa, kuma ba mu ɗauke ta wasa ba. Darussa su kasance da rana, sutura ta kasance ta mutunci, ajin rawa na mata ya samu malama mace da fili nasu, a karanta bori a matsayin tarihi ba a kira shi a fili ba, kuma a gayyaci iyaye su ga aikin ƙarshen kowane zango da idonsu. Game da neman abinci bayan karatu kuwa a faɗa wa yara gaskiya tun ranar gwaji: aikin albashi kaɗan ne. Akwai gidajen rediyo na jama'a, Télé Sahel da Voix du Sahel, gidajen al'adu, koyarwa, wayar da kai kan lafiya da noma, da masana'antar fim ta Kano. Mafi yawa za su kafa ƙungiyarsu ne, don haka kada a ba kowa takardar lisans sai ya iya rubuta kasafin wasa, ya karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, ya kuma san yadda ake rajistar aiki a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA.

Ba sai an jira babban gini ba. Rumfa guda mai rairayi, makaɗa biyu, malamai uku ko huɗu, ɗalibai 20, da yarjejeniya da gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga don nuna wasannin ƙarshen zango sun isa a fara shekarar farko, daɓen katako ya biyo baya a ta biyu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu masu koyar da wasan kwaikwayo da rawa,
Maraɗi.