Ɗalibin bayoloji da bai taɓa riƙe gilashin gwaji ba

Assalamu alaikum, Edita. Muna neman fili a wannan jarida mai albarka mu yi magana kan yadda ake koyar da kimiyyar halittu, wato bayoloji, a jami'o'inmu.

Ɗalibi kan shiga da kiredit biyar, ya rubuta Ingilishi da bayoloji da kemistiri da fiziks ko lissafi a jarrabawar JAMB, ya yi shekara 4, ya fito da takarda. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne da yawa suna fitowa hannunsu bai saba da aiki ba, domin furaktikal ya koma kallo: malami ɗaya na yi, taron ɗalibai na leƙe ta bayansa.

Mu ɗauki gwajin zazzaɓin cizon sauro. A littafi layi uku ne, a aikace kuwa kowane mataki na da inda yake lalacewa. Shafin jini iri biyu ake yi, mai kauri da siriri. A mai kaurin, ana ɗiga jini kan gilashi, a baza shi ya yi faɗin kusan santimita 1, kaurinsa daidai yadda za a iya hango rubutun jarida ta ƙarƙashinsa. In ya fi haka kauri, ɓarewa zai yi wajen wanki. Wannan mai kaurin ba a sa masa sinadarin metanol, ba a kuma shanya shi a rana, saboda ana so jajayen ƙwayoyin jini su fashe a ga ƙwayar cutar. Zafi ko metanol na daskarar da su. Siririn shafi ne ake tsomawa a metanol na 'yan daƙiƙoƙi. Sai a zuba rinin Giemsa mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 na minti 10, wanda aka haɗa nan take da ruwa mai ma'aunin tsami, wato pH, 7.2. Ruwan da ya yi tsami kan sa komai ya yi ja, wanda ya yi kanwa-kanwa ya mai da shi shuɗi. A lokacin hunturu ƙura kan sauka kan gilashin, sabon hannu ya ɗauka ƙwayar cuta ce. Kuma sai an duba gurbi 100 a kan shafin da madubin ƙara girma mai ninki 100, da ɗigon mai, kafin a ce babu cuta. Wanda bai yi wannan sau ashirin ko talatin da hannunsa ba, bai iya ba.

Haka ma dafa kayan aiki a na'urar tururi don kashe ƙwayoyin cuta: digiri 121 na minti 15, ana fara ƙirga daga lokacin da zafin ya kai, bayan an fitar da iskar ciki. Inda na'urar ta mutu, tukunyar girki mai matse tururi na yin aikin a kan risho.

Iyaye kuma su sani, digirin bayoloji bai ba mutum lasisin gwajin marasa lafiya a asibiti. Wannan kwas ne daban, na kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, na shekara 5, mai hukumarsa.

Roƙonmu ga shugabannin sassa shi ne a raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, a buɗe ɗakin gwaji har ranar Asabar, a kuma riƙa bin ɗaliban SIWES, wato masu zuwa koyon aiki a ma'aikatu, wuraren da aka tura su a ga abin da hannunsu ke yi.

Daga wasu malaman kimiyyar halittu, Zariya.