Darasin Ginin Kwamfuta Ba Na Hadda Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda muke koyar da darasin tsarin ginin kwamfuta a jami'o'inmu.

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibi zai zana maka tsarin da John von Neumann ya bayyana a 1945, sashen lissafi da sashen sarrafawa da ma'ajiyar bayanai kowanne a gurbinsa, amma da ka tambaye shi abin da ke gudana a cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sa'ad da take haɗa lamba biyu, sai ya yi tsuru-tsuru. Laifin namu ne, domin a allo muka koya masa, a takarda kuma muka jarraba shi.

Ga misali. Firosesa kan ɗauko bayani daga 'yar ma'ajiyar da ke jikinta, wadda ake kira kash, cikin kimanin nanosakan 1 (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan), alhali zuwa babbar ma'ajiyar da ake kira RAM kan ci kusan nanosakan 100. Ɗalibi kan haddace wannan ya manta. Amma ranar da na sa ajina suka rubuta manhaja mai karanta babban jadawalin lambobi layi-layi, sannan suka juya ta tana karantawa daga sama zuwa ƙasa, suka ga da idonsu yadda ta biyun ke jan ƙafa saboda yawan komawa RAM, ban sake maimaita bayanin kash ba.

Uzurin da aka saba kawowa shi ne rashin kayan aiki, kuma ba na musun sa. Sai dai manhajar Logisim, mai kwaikwayon kayan cikin kwamfuta, kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma da ita ɗalibi zai harhaɗa ƙaramar firosesa da kansa. Haka nan tsarin firosesa na RISC-V, wanda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, a buɗe yake ga kowa, ainihin umarninsa kuma ba su kai 50 ba. Ban raina firosesar Intel 8085 ta 1976 da wasunmu ke koyarwa har yau ba, amma wayar da ke aljihun ɗalibin da tsarin firosesa na ARM take aiki.

Sabon kundin darussa na CCMAS da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ina kira ga shugabannin sassan kimiyyar kwamfuta da su ware wa aikin hannu wani ɓangare na wannan kaso, a kuma sa masa maki mai tsoka a jarrabawa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin jami'a,
Kano.