Zuwa ga masu kawo mana keke gyara: dan Allah a ɗan ƙara haƙuri da mu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu hawan keken dutse.

Mu ba mutanen rubutu ba ne, hannunmu ya fi sabawa da giris da sifana, amma ƙorafi ya yi yawa, wasu a waya wasu ido da ido, wasu kuma ba su faɗa mana ba sai dai muka tsinta a bakin wani, to gara mu fito mu yi bayani kowa ya ji. Eh, kekuna suna daɗewa a wurinmu fiye da yadda kuka saba, kuma kuɗin aiki ya ɗan motsa. Ba mu musa ba. Abin da muke roƙo shi ne ku ji daga inda abin ya taso kafin ku yanke mana hukunci.

Dilan da muke ɗaukar kaya a hannunsa tun ranar da muka buɗe shagon nan shi ne ya sauya mana tsari ba shiri. A da sai ya ba mu kaya mu yi aiki mu biya daga baya, yanzu ya ce kuɗi hannu kafin ya ɗora oda, kuma ƙaramar oda ba ya karɓa sai ta cika kwali, to mu da muke neman sarƙa biyar da takalmin birki goma ina za mu cika masa kwali? In ka matsa masa sai ya ce shi ma daga sama aka matso shi, kuma in za a faɗi gaskiya ba ƙarya yake ba gaba ɗaya. Kusan duk abin da ke jikin kekenku daga Asiya yake fitowa. Shimano kamfanin Japan ne, yana da masana'antu har a Malesiya da Sin, SRAM na Amurka ne amma kaya da yawa a Taiwan ake ƙera masa, tayoyin Maxxis ma kamfanin Taiwan ne, kuma yawanci ta jirgin ruwa suke tafiya. Tun 2020 da korona ta zo duniya ta rufta sayen keke masana'antu kuma suka rufe, harkar ba ta koma daidai yadda take ba. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana 6, sannan daga ƙarshen 2023 hare-haren da aka riƙa kai wa jirage a Bahar Maliya suka sa da yawansu zagayawa ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwanaki, mai ya ƙaru, inshora ta ƙaru, kuma duk wannan kuɗin ba mai jirgi ke haɗiye shi ba, gangarowa yake yi hannu zuwa hannu har ya sauka a kan sarƙar kekenka. Mu ne na ƙarshe a layi, mu ne kuke gani, shi ya sa mu muke shan faɗan.

Ana cikin haka kuma mai ginin da muke haya ya ƙara kuɗi, ya kuma karɓe ɗakin baya inda muke rataye kekunan da ke jiran kaya. Shi ya sa wani lokaci za ka zo mu ce ka koma da kekenka sai kayan sun iso. Ba wulaƙanci ba ne wallahi, wurin ajiyewa ne babu.

Akwai maganar da ta yi mana ciwo, kuma ba za mu ɓoye ba. Wai muna ɓoye kaya muna saka wa 'yan gaban goshinmu. Haba jama'a. Wanda ya san mu ya san kekunanmu na kanmu ma a jingine suke, ɗaya daga cikin yaran shago ya cire kaset ɗin kekensa, wato jerin haƙoran giya na tayar baya, ya saka wa wani bawan Allah da ke da tafiya a gabansa. Wasu kuma sun ce ai ga kayan nan a intanet da araha, me ya hana mu saya? Abin da ya hana shi ne jabu. Sarƙa da takalmin birki na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwar intanet, kwalin ma sai ka kalla da kyau kafin ka gane, kuma mutumin da zai gangaro daga kan dutse yana dogaro da yatsa ɗaya a kan birki ba za mu saka masa abin da ba mu yarda da shi ba, ko da zai yi fushi ya tafi. Kowa yana da 'yancin kai kekensa inda ya ga dama, ba mu hana ba, amma kwanan nan an dawo mana da wani keke da aka kai wani wuri aka zuba masa man birki na DOT, irin na mota, a birkin Shimano, alhali shi man mineral yake sha, robobin ciki duk suka kumbura, aikin da ƙaramin sabis ne ya koma sayen sabon birki. A da yawancin birkin SRAM su ne masu shan DOT, kuma irin man da birki ke sha a jikin murfin ake rubutawa, karantawa kawai ake yi.

Game da abin da muke yi a kai, muna magana da wasu mutane, akwai hanyoyin da muke dubawa, kuma batun wuri ma ba mu zauna ba. In abu ya tabbata za ku ji daga bakinmu.

Kafin nan, ku taimaka mana ku taimaki kanku, domin rabin kayan da muke jira yanzu da an kula da keken da ba a kai ga canza su ba. Babbar matsalar sarƙa ce. Sarƙa tana miƙewa a hankali, in ta miƙe sai ta cinye haƙoran kaset na baya da na faifan gaba, ka ga maimakon abu ɗaya sai uku. Akwai ɗan ƙarfen awon sarƙa, ku zo mu auna muku kyauta ba ya ɗaukar minti ɗaya. Mai giya 11 ko 12 a baya, in miƙewarta ta kai 0.5 a jikin ƙarfen awon a canza, mai giya 8 ko 9 za ta iya kaiwa 0.75. Wanda yake canzawa a kan lokaci kaset ɗaya zai iya cin sarƙa biyu ko uku. Kuma dan Allah a daina zuba mata baƙin man mota, yashi yake kwasowa ya riƙa gurzar ta, WD-40 na yau da kullum shi ma na wanke datti ne da kwance tsatsa, ba ya zama a jikin sarƙa. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga man sarƙa ɗigo ɗigo a kan kowace gaɓa, ka juya feda baya, ka bar shi ya shiga, sannan ka goge na waje tas. Mai a ciki ake son sa, wanda ke ƙyalli a waje ƙura kawai yake kira.

Wanki kuma, bokiti da soso sun isa. Injin feshin ruwa na wankin mota yana tura ruwa cikin boris na taya da na feda da na wuya, ya kore giris ɗin, bayan wata biyu ka zo kana cewa keke yana kuka. Takalmin birki in abin da ya rage a jikinsa ya kusa milimita 1 a canza, kar a jira sai ƙarfe ya fara cin faifan birki, faifan ma akwai iyakar kaurinsa a rubuce a jiki, na Shimano yawanci milimita 1.5 ne. Kar ka taɓa faifan da hannu mai maiƙo, kuma in ka cire taya kar ka matsa birki, yara ma a hana su, don takalmin birkin haɗewa yake yi. Masu taya marar tub, ruwan liƙin nan na ciki bushewa yake bayan 'yan watanni, a wuri mai zafi ma ya fi saurin bushewa, ka girgiza tayar in ba ka ji motsin ruwa ba to babu komai a ciki. Iska kuma ba sai taya ta yi tauri kamar dutse ba, a kan hanyar daji tsakanin PSI 20 da 30 a agogon famfo ya ishi yawancin mutane gwargwadon nauyinsu, mai tub ya ɗan ƙara. Shokin gaba a riƙa goge sandunansa bayan kowace fita, RockShox masu ƙera shoki sun ce a yi masa ƙaramin sabis duk bayan awa 50 na hawa, mun san babu mai ƙirgawa amma dai kar a shekara biyu ba a buɗe shi ba. In za ka kwantar da keke ka kwantar da shi ta hagu, ɓangaren dama ne ke da ɗan ƙarfen da ke riƙe mai canza giya, yana lanƙwashewa da wuri, kuma irinsa ya bambanta daga keke zuwa keke, yanzu haka yana cikin abubuwan da suka fi ba mu wahalar samu.

Fitar ƙarshen mako tana nan ba mu soke ba, kuma muna so ku zo ko kekenku yana wurinmu, za a samu aro. Mun yi kewar musun nan da ba ya ƙarewa na masu taya inci 29 da masu 27.5, da Baba da har yau yake kan 26 yana cewa duk yayi ne kuma shi ke riga kowa kaiwa sama. Masu keken lantarki ku ma ku zo, ba za mu ce komai ba sai an fara hawan tudu. Shi kuma ɗan'uwanmu da ya kashe kuɗi ya sayi sitiyarin kabon don ya rage giram 100 amma tumbi na nan yadda yake, muna gaisuwa. Da mai cewa bishiya ce ta shigo masa hanya. Da masu kawo keke su ce yana wani ƙara, mu hau mu zaga mu dawo shiru, suna fita da shi ya ci gaba.

Godiya ta musamman ga waɗanda suka tsaya da mu. Malam da ya fara kawo mana kekensa tun muna aiki a ƙarƙashin rumfa da akwatin kaya ɗaya, yau ga shi 'ya'yansa ne ke kawo nasu, Allah Ya saka da alheri. Hajiya da ta bar kekenta a wurinmu tsawon lokaci ba ta taɓa ɗaga mana murya ba, kullum sai dai ta ce yaya aiki, wallahi kunyarki muke ji. Yayanmu da ya biya kuɗin kaya tun kafin su zo don kawai mu samu mu cika oda, ba mu manta ba. Da samarin da suka koyi faci a gabanmu yanzu suke koya wa wasu. Irin wannan zumuncin ne ya sa in muka ga keken da muka sani a ƙofar wani wurin sai jikinmu ya yi sanyi, ko da ba mu ce komai ba.

Wanda kekensa ke wurinmu ya kira ko ya leƙo, za mu faɗa masa abin da ake jira da abin da za a iya lallaɓawa ya ci gaba da hawa kafin nan. Wanda kuma yake da tafiya ko gasa a gabansa ya sanar da mu da wuri, kar ya bari sai ana gobe da daddare.

Mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Naku,
mai shago da yaran aiki