Magungunan danne garkuwar jiki da gwajin jinin da ake wasa da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci kan masu fama da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin su lufus da amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu, waɗanda likitoci ke ɗora su a kan magungunan danne garkuwar na tsawon shekaru. Magungunan suna da amfani ƙwarai, domin lufus kanta tana lalata ƙoda idan aka ƙyale ta, amma ba a shan su sai tare da gwajin jini a kai a kai, kuma a nan ne muke da rauni a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, inda kuɗin gwaji da na mota kan sa mara lafiya ya wuce farmasi kai tsaye da tsohuwar takardarsa.

Metotireksat, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba, kuma ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Idan zafin watan Afrilu, da kan haura digiri 40, ya ƙone ruwan jiki, sannan mutum ya sayi diklofenak ko ibufurofen a wajen mai tiren magani don ciwon gaɓɓai, sai ƙodar ta gaza, maganin ya taru ya taɓa ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Haɗa metotireksat da Bactrim, wanda ake saye kamar gyaɗa don gudawa ko tari, ya fi wannan haɗari. Haka azatiyofirin, wani maganin danne garkuwar, yake idan ya gamu da alofurinol, maganin wani nau’in ciwon gaɓɓai. Siklosforin kuwa, shi ma na danne garkuwa, yana matse jijiyoyin ƙoda, ya tada hawan jini.

Abin da ya fi damuna shi ne alamomin illar magungunan suna kama da cututtukan da muka saba da su. Fararen ƙwayoyin jini su ragu, zazzaɓi ya taso da gyambon baki, sai a ce na sauro ne. Mai shan siklofosfamid, wani daga cikin magungunan, ya ga jini a fitsari saboda maganin ya ƙuje masa mafitsara, sai ’yan uwa su ce tsargiya ce, tunda an san ta a bakin Binuwai da tafkin Lagdo. Kafin a farga, ana maganar ƙarin jini ko wankin ƙoda.

Don haka ina roƙon ku gayyato likita cikin shirinku na lafiya, ya bayyana da Hausa da Fulatanci ma’anar NFS (ƙirgen ƙwayoyin jini) da kireyatinin (awon aikin ƙoda) da ake rubutawa a takardar gwaji, da yadda mai shan waɗannan magunguna zai yi da azumi, da kuma dalilin da ya sa ba a yanke su kwatsam ba tare da sanin likita ba.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Garwa, Kamaru