Wasiƙa a kan hoton balbelar nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso tun shekaranjiya, amma sai daren jiya na samu sukunin buɗe hoton balbelar da kake son shigarwa gasa a kwamfuta, don a fuskar waya kowane hoto kyau yake yi.

Gaskiya ka yi haƙuri, kuma ka taki sa'a. Balbela da fara a baki, ƙafa ɗaya a ɗage, ba kullum ake samun haka ba. Na kuma lura durƙusawa ka yi har kyamara ta zo daidai da idonta, shi ya sa ciyawar baya ta narke ta yi laushi. Wannan kada ka taɓa shi.

Ga inda nake da magana. Ka dasa tsuntsuwar a tsakiya cif, alhali hagu take kallo, sai filin da ke bayanta ya zama asara. Rage hoton daga dama. Ka raba shi gida uku a tsaye, uku a kwance, ka sa idonta ya faɗo kusa da inda layukan suka haɗu a sama ta dama, ta samu sarari a gabanta. Amma ka yi hattara da almakashi. Hoton kyamararka fiksel (wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 6000 ne a faɗi, 4000 a tsayi. In ka zubar da rabi ta kowane ɓangare, fiksel miliyan 24 ya koma miliyan 6, kuma da an buga shi babba aibin zai fito. Yatsunta ma kada ka datse su, a bar ƙasa kaɗan a ƙarƙashinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne farin bayanta. Ya ƙone, ba a ganin gashi ko ɗaya, sai ka ce an manna takarda. Tunda ka ce da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba, akwai sauran fata. JPEG, fayil ɗin hoto da aka saba da shi, matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa dubbai. Buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ka ja hasken wuraren da suka fi fari baya sannu a hankali har layin gashin ya dawo. Da ya dawo ka tsaya. In ka zarce, balbela za ta koma ruwan toka, kuma kowa ya san ba haka take ba. Sai ido: ɗan ƙara masa haske shi kaɗai, don ɗigon ƙyallin da ke ciki ya fito. Nan alƙali yake fara kallo.

Kuma don Allah ka rage koren nan. Ka cika shi har ciyawar ta yi kamar an zuba mata fenti. Haka kaifin da ka ƙara: faɗaɗa hoton zuwa kashi 100 ka dubi gefen wuyanta, za ka ga wani siririn zare mai haske ya zagaye shi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yanzu tambayarka, ko ka goge busasshen karan da ya gitta wutsiyarta. Kada ka kuskura. Yawancin gasar hoton namun daji sun yarda a yanke gefe, a daidaita haske da launi, a share ɗigon ƙurar da ta hau kyamara, amma ƙara abu ko cire shi haramun ne a wurinsu. Gasar Wildlife Photographer of the Year, wadda gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa, sai ta nemi ainihin fayil ɗin duk hoton da ya kai zagayen ƙarshe. Ba sa wasa ko bayan an ba da kyauta. Hoton kyarkecin da ya ci gasar 2009 yana tsallake shinge, a farkon 2010 suka ƙwace kambunsa, bayan sun gamsu dabbar horarriya ce. Wancan laifi daban ne da naka, na sani, amma ka ga irin bin diddigin da ake yi. Abin da za ka iya shi ne ka ɗan dusashe hasken karan don kada ya ja ido. Kafin nan ma, zauna ka karanta dokokin gasar da za ka shiga, har da girman fayil da suke so.

Ni dai ina zargin akwai wanda ya fi wannan a cikin katinka. Ai a jere ka ɗauka. Turo mini biyar na gabansa da biyar na bayansa, wataƙila a ɗaya ta ɗan matsa, karan ya bar wutsiyar da kansa. Ka haɗo da RAW ɗin wannan, in gwada nawa gyaran mu kwatanta kafin ranar rufewa.

Ka gaida mutan gida da kyau. Allah Ya ba da sa'a.

Naka,
Amininka