Takardar da ka sa aka rubuta

Maraɗi, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kasuwar Kwatano tana tafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai hazo da sanyin asuba.

Ka tambaye ni ta waya yadda muka ƙare da mutumin nan da ya ɗauki ayata. Na ce ka bari in rubuto maka, don maganar tana da tsawo, kuma akwai godiyar da nake so in yi maka a rubuce.

Ka tuna ranar a rumfa: buhu 20, jika 400, wato sefa dubu 400, ya ce zai kai Jibiya ya kawo kuɗi cikin sati uku. Ni kunya ta rufe mini baki, tunda masallaci ɗaya muke salla. Kai ne ka yago takarda daga littafin yaron shago, ka rubuta adadi da ranar biya, ka sa ya sa hannu, mutum biyu suka shaida. Wallahi ranar na ji haushinka, gani nake ka ci masa fuska.

Wata bakwai ina bin sa, yau gobe, gobe jibi. Na kai magana wurin mai unguwa, domin doka ta ba sarakunanmu ikon sasanta mutane, sai dai ba su da ikon tilasta wa kowa biya. Ya kawo jika 50 a gaban dattawa, daga nan shiru. Wasu suka ce in tafi kumsariya, wurin 'yan sanda, wani dattijo da ya yi aikin gwamnati ya hana ni. Ya ce bashin ciniki maganar alƙali ce.

Abin da ya tsorata ni lauya ne. Yawancinsu a Yamai suke, kuma kuɗin da zan kashe ya kusa cinye bashin. Ashe akwai hanyar da mutum zai bi da ƙafarsa. Cikin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ƙasashen Afirka 17 suke aiki da su har da Nijar, akwai umurnin biya: idan bashin na ciniki ne, adadinsa sananne, lokacin biya ya wuce, sai ka rubuta wa shugaban kotu buƙata, ka haɗa da hujjojinka, ka ajiye wurin magatakarda. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ya rubuta mini da Faransanci.

Da na ciro takardarka daga alabe, ta yi laushi, gefenta duk maiƙo, tawadar ta soma dushewa a wurin ninki. Magatakarda ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya shafe ta da tafin hannu, ya karanta sau biyu. Ya ce in je in yi hotonta, in riƙe ta asali kamar ƙwai. A nan na soma jin ƙarfin gwiwa.

Alƙali ya sa hannu ba tare da an kira kowa ba. Na biya ma'aikacin da ke kai sammaci ya kai masa har gida. Tun gyaran dokar na 2023, kwana 10 ne aka ba wanda ake bi ya yi jayayya, in bai yi ba umurnin ya zauna, ana iya kama kayansa. Shi ya yi jayayya, aka kira mu.

Alƙali sasanci ya fara nema. Mutumin ya ce buhu 15 ya ɗauka. Aka miƙa masa takardar, aka ce wannan hannun wa ne. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce nasa ne. Aminina, ban ji daɗin ganin sa haka ba, kansa a sunkuye, hularsa a hannu. Daga baya na gane asara ya yi a kan hanya, kunya ta hana shi faɗa. Da ya gaya mini tun farko, da na ɗaga masa ƙafa har shekara. Aka rubuta zai riƙa biyan jika 50 kowane wata, muka sa hannu. Wata huɗu ke nan bai saɓa ba, kuma muna gaisawa in an sallame salla.

Ka ce kai ma akwai mai kayan ƙarfen da ya riƙe maka kuɗi. Benin tana cikin OHADA, hanyar ɗaya ce. Na san ba ka ba da kaya babu takarda, to ka nemo ta, ka haɗa da saƙonnin WhatsApp ɗinku, ka je kotun da ke kusa da inda yake zaune.

Na aiko maka da kwano biyu na aya da ƙuli-ƙuli ta hannun direban da ka sani. Ka gaida uwargida da yara. Inna tana tambaya ko za ku zo salla.

Naka har kullum.